Adaftar layin wuta a gidan da ke amfani da sola: abin da ta gyara da abin da ta kasa

Gidan da nake haya a unguwar Mabera a Sakkwato irin ginin da aka saba ne: falo a gaba, tsakar gida a tsakiya, sannan ɗakuna a baya, duk an tashe su da bulo mai kauri kuma kowane yana da ƙofar ƙarfe. Rautar da muke amfani da ita, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida ta Wi-Fi, mai ɗaukar layin waya ce ta 4G, kuma wuri ɗaya ne take samun sabis mai kyau, wato kusa da tagar falo. Ɗakin da nake aiki yana can ƙarshen gida, inda Wi-Fi ke isowa a galabaice, har tura fayil ko shiga taro ta bidiyo ya zama abin fargaba. Wannan ne ya sa na sayi adaftar layin wuta, na'urar da ke kai intanet ta cikin wayoyin wutar gida, wadda a kwalinta ake rubuta Powerline, kuma na yi amfani da ita tun daga hunturu har zuwa damina kafin na rubuta wannan sharhi.

Kafin a kashe kuɗi ya kamata a gano inda jinkirin yake, domin na'ura ba ta gyara abin da ba daga cikin gida ya taso ba. Na auna gudun intanet da shafin fast.com ina tsaye kusa da rauta, sannan na sake aunawa a ɗakin baya, da safe da kuma bayan Isha. A falo ina samun wajen Mbps 20 (ma'aunin gudun intanet ke nan) da safe, ya ragu sosai da dare saboda yawan masu hawa turken sabis na unguwa, amma a ɗakin baya ko da safe da ƙyar yake kai 2. Raguwar dare ba ta da magani a hannuna. Tazarar da ke tsakanin falo da ɗaki kuwa laifin bango ne da nisa, kuma ita ce ake iya gyarawa.

Na fara da gyaran da ba ya cin ko kwabo. Na ɗaga rautar daga bayan talabijin zuwa saman kantar ajiye kaya. Na raba sunan zanguna biyu da rautar ke watsa Wi-Fi a kansu, wato na 2.4 GHz da na 5 GHz, domin na 5 ya fi gudu amma bango yana saurin kashe shi, na 2.4 kuwa ya fi ratsa gini amma maƙwabta sun cika shi. A zangon 2.4 tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, na zaɓi wadda ta fi sarari. Tsakar gida ta amfana da wannan, ɗakin baya bai ji a jikinsa ba. Ban sayi na'urar da ke maimaita sigina ba, saboda irin mai arha da rediyo ɗaya take karɓa kuma take turawa, abin da ke rage gudun zuwa kusan rabi, kuma babu soket a daidai inda ya kamata ta zauna.

Adaftar biyu ce a kwali. Ana soka ɗaya a soket kusa da rauta a haɗa su da kebul, ɗayar kuma a soka ta a ɗakin da ake buƙata, inda take bayar da nata Wi-Fi. Saƙon yana bi ta cikin wayoyin wutar gidan, yana hawa bisa wutar da ke tafiya a 50 Hz amma a mita (wato saurin kaɗawar sigina) mai nisa sama da ita, daga kimanin 2 MHz zuwa sama. Haɗa su bai ɗauki lokaci ba: an danna maɓallin haɗi a ta farko, an danna a ta biyu cikin minti biyu, suka kulle hanyarsu da tsarin sirri na AES mai bit 128, wanda ke da muhimmanci a gidan haya da mutane da yawa ke kan mitar wuta ɗaya. Lambar AV600 da ke jikin kwalin kada ta ruɗi kowa. Adadin gudu ne na ƙa'ida, wato Mbps 600, wanda ba a samunsa a gida, kuma ramin kebul ɗin da ke jikin tawa ma Mbps 100 ne iyakarsa. Ga mai intanet irin nawa wannan ya wadatar. A kuma duba cewa filoginta mai ƙafa uku ne irin na Ingila da muke amfani da shi a Najeriya, domin ana shigo da masu ƙafa biyu na Turai.

Gwajin farko ya ba ni takaici. Fitilar da ke nuna haɗi tana kamawa tana mutuwa, kuma da zarar an ɗauke wutar layi sai ta mutu gaba ɗaya. Takardar da ke cikin kwalin ta yi gargaɗi cewa a soka adaftar kai tsaye a bango, kada a bi da ita ta ekstenshin mai kariyar wuta ko sitabilaiza, saboda matatar da ke cikinsu tana ɗaukar saƙon a matsayin datti ta tace shi. Na kiyaye wannan, amma matsalar ba ta kau ba, sai na kira mai gyaran wutar da ya haɗa mana sola.

Ya buɗe akwatin rarraba wuta da ke bayan ƙofar zaure, ya kashe makunnan ɗaya bayan ɗaya, yaronsa yana tsaye a ɗakin baya da testa yana faɗa masa soket ɗin da ya mutu. Da ya gama sai ya nuna mini jere biyu na makunnai da bakin sukudireba, ya ce: "Malam, wanga soket na inbata ne, wancan kuwa wutar layi kaɗai yake ci. Ba hanya ɗaya suke ba." Ashe lokacin da aka saka sola an ware fitilu da fankoki da soket na falo zuwa inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, aka bar soket ɗin ɗakin baya tare da firji da dutsen guga a kan wutar layi. Saƙon da ya tashi daga falo dole ya ratsa ta cikin inbata kafin ya isa ɗakina, kuma inbata ba ta barinsa ya wuce lafiya, ga kuma hayaniyar lantarki da ita kanta take zubawa a waya. A ganina wannan ne abu mafi muhimmanci da mai saye a garin nan ya kamata ya sani, kuma babu mai shagon da ya ambata mini shi. Irin wannan cikas yana iya tasowa a gidan da ke da fes uku, wato layukan wuta uku da ke shigowa gidan, idan ɗakunan biyu ba a fes ɗaya suke ba.

Ya mayar da soket ɗin ɗakin baya kan layin inbata, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Daga nan fitilar ta tsaya cak, gudun da nake samu a ɗakin ya matso kusa da na falo, kuma taron bidiyo ya daina yankewa. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗorewar haɗin, fiye da yawan gudun.

Duk da haka akwai sauran gyara. Cajar waya mai arha idan aka soka ta kusa da adaftar tana rage gudun a fili, haka ma lokacin da aka kunna injin jan ruwa. Idan wuta ta sauya daga layi zuwa batir, wani lokaci haɗin yakan yanke na ɗan lokaci kafin ya dawo da kansa. Sai kuma zafi, wanda a watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a Sakkwato, alhali takardar na'urar ta ce iyakar zafin da aka yi ta domin ta yi aiki a ciki 40 ne. Da rana tsaka jikinta yakan yi zafin da ba a son riƙewa, don haka na cire labulen da ke rufe ta, ina kuma goge ƙurar da ke toshe ramukan iskarta.

Ga ɗan haya wanda ba shi da izinin huda bango, ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba, muddin mai gyaran wuta ya tabbatar masa tun farko cewa soket ɗin biyu a layi ɗaya suke, kuma ya yi sharaɗi da mai shago cewa zai mayar idan ba ta kama ba. Mai gidan kansa kuwa na fi ba shi shawarar ya ja kebul ɗin intanet na Cat6 a cikin bututun roba zuwa ɗakin baya ya saka ƙaramar rauta a can, domin kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da ya rasa gudu ba, kuma babu ruwansa da inbata ko janareta. Tunda adaftar ba ta zama a bayan na'urar kariya, idan hadari ya haɗo da tsawa, ko aka maido wuta da ƙarfin da ya wuce kima, nakan zare su duka biyun daga bango sai abin ya lafa.