Wasiƙa daga Landan kan maganar ruwan sabon gida

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen Tudun Wada. Na ga hotunan ginin, ma sha Allah, Allah ya sa a gama lafiya. Ka ce in duba maka kayan ruwan da ake sawa a gidajen nan, ko akwai wanda ya kamata in turo. Na duba, kuma ina so ka ji yadda abin yake kafin ka kashe ko sisi.

Ruwa dai a nan ba ya ɗaukewa. Tun da na zo ban taɓa murɗa famfo ya fito da iska ba. Babu jiran 'yan ga-ruwa, babu tara jarkoki a tsakar gida. Daga famfon kicin ake sha kai tsaye, a biya kuɗi. Wannan ni'ima ce, kullum ina roƙon Allah ya kawo wa Zariya irinta.

Amma ruwan Landan nauyi gare shi. Butar lantarkin da na saya ba ta yi wata ba na leƙa cikinta na ga farin ɓawo ya lulluɓe gindinta, in ka kankara da cokali yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Sabulu ba ya kumfa sai an zuba da yawa, fata kuma tana bushewa kamar ana tsakiyar hunturu. Dalilin yana cikin ƙasa. Kudu maso gabashin Ingila a kan dutsen alli take zaune. Ruwan sama yana ratsa shi ya narkar da sinadarin allin da suke kira kalsiyam, ya gangara da shi cikin kogin Tems da rijiyoyinsu. In sinadarin allin ya haura miligiram 200 a lita ɗaya suna lissafa ruwan a mai nauyi, kuma na Landan ya wuce haka. Ba ya cutarwa a sha. Kayan gida yake ci a hankali, musamman tukunyar ɗumama ruwa da injin wanki. A Mancesta, da ake jawo musu ruwa daga tafkunan arewa, ba su da wannan damuwar.

Maganin butar mai sauƙi ne: in matse lemun tsami a ciki in tafasa, ta koma fes. Masu hali suna sa wata na'ura da ake zuba wa gishiri tana cire nauyin, kuɗinta ɗaruruwan fam, kuma yawanci ana barin famfo ɗaya da bai bi ta cikinta ba don sha.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne ƙarfin ruwa. Gidan da nake haya tsoho ne, tankinsa na cikin rufi, saman banɗakin kaɗan. Ka buɗe shawa, sai ruwa ya riƙa ɗiga ta ramuka biyar ko shida, sauran duk ɓawo ya toshe su. Wata biyu da bokiti nake wanka cikin sanyin nan. Na kwance kan shawar na jiƙa shi a ruwan lemun tsami ya kwana, ramukan suka buɗe, amma ƙarfin bai ƙaru sosai ba. Mai gyaran famfo da ya zo ne ya fahimtar da ni cewa tsayin tanki a kan famfo shi ne ƙarfin ruwa: kowane mita 10 na tsayi yana ba da abin da suke kira "bar" ɗaya a ma'aunin ƙarfin ruwa. Namu bai kai mita 2 ba. Sai da mai gidan ya sa ƙaramin injin tura ruwa muka huta.

To Yaya, na'urar gishirin nan kada ka sa ta a lissafi tukuna. Zariya a kan dutse mai tauri take, irin na Kufena, ba alli ba. Abin da muka fi sani da shi laka ce a damina. In an gama haƙa burtsatsen, ka cika rabin gora, ka ɗiga sabulun ruwa kaɗan ka jijjiga. In kumfa ya tashi ya tsaya, ruwan ba shi da nauyi. Duk da haka a kai a gwada shi kafin yara su fara sha.

Kuɗin gara ka sa su a ƙarfen tanki. A ɗaga shi sama sosai, kada maƙeri ya rage maka tsayi don tsimin ƙarfe, kuma bututun da ya sauko daga tankin ya zama mai faɗi, ba lanƙwasa da yawa. Tsayi ba ya jiran a kawo wuta. Injin tura ruwan kuwa zan iya turowa in ya zama dole, tunda wutarsu da fulogin nan mai baki uku irin namu ne.

Ka sa a auna min daga gindin tanki zuwa inda kan shawar ɗakin Hajiya zai tsaya, ka turo min kafin Juma'a. A gaida ta sosai, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.