Taswirar Turai mai kalolin NATO: tana da kyau amma tsohon bugu ce

Masu tambaya kan taswirar bangon nan da ake talla a intanet, wadda aka yi wa ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO kala gwargwadon shekarar da kowacce ta shiga, tawa ta iso. Takardar kam masha Allah, mai kauri ce an shafe ta da leda, ko ruwa ya zuba gogewa kawai za ka yi.

Kalolin ne suka fi burge ni. Ƙasashe 12 ne suka kafa ƙungiyar a 1949, na Turai a cikinsu an yi musu shuɗi mai duhu, kana matsawa gabas kala na canzawa, Poland da Hungary da Czech a 1999, sai 2004 da aka kwashi bakwai a tashi ɗaya har da Estonia da Latvia da Lithuania waɗanda da can cikin Tarayyar Soviet suke. Ba sai an yi maka dogon turanci ba, da ido za ka ga abin da Rasha ke ta ƙorafi a kai, wato yadda NATO ke matsowa kusa da ita, kuma da idon nan dai za ka gane me ya sa ƙananan nan suka ruga neman mafaka, dubi girmansu ka dubi maƙwabcinsu. Kaliningrad ma ta fito sarai, ɗan yankin Rasha a matse tsakanin Poland da Lithuania.

To amma fa Finland da Sweden farare fat aka bar su, kamar ba su shiga ba! Alhali Finland ta shiga tun Afrilun 2023, Sweden ta bi a Maris 2024 bayan Turkiyya da Hungary sun gama ja mata rai, yanzu mambobi 32 ne. Kuma wannan ba ƙaramin giɓi ba ne wallahi, iyakar Finland da Rasha kusan kilomita 1,340 ce, shigarta kaɗai ta ninka iyakar NATO da Rasha har da ɗoriya, kafin 2023 ta ƙare ma Finland ta rufe mashiganta na ɓangaren. Ukraine da Jojiya da aka yi wa alƙawarin shiga a taron NATO na 2008 a birnin Bucharest su ma ko ɗigo babu.

Na yi wa mai sayarwa magana tunda "sabon bugu" ya rubuta a tallar, wai ita ce kawai a sito. Tauraro uku na ba ta cikin biyar, in za ka saya ka haɗa da alƙalamin maka ka cike Finland da Sweden da hannunka.