PPPoE ko IPoE: wanne ya fi dacewa da IPv6?

PPPoE da IPoE hanyoyi biyu ne da kamfanin intanet ke haɗa gidanka da intanet; IPv6 kuma sabon tsarin adireshin intanet ne mai maye gurbin IPv4. PPPoE jikan zamanin kiran intanet ta layin tarho ne. A 1999 aka tsara shi, don PPP, tsohuwar ƙa'idar haɗin wancan zamani, ta hau kan Ethernet, wato tsarin haɗa kwamfutoci da waya, lokacin da layukan DSL (intanet mai sauri ta wayar tarho) suka fara yaɗuwa. Wanda ya taɓa saita rauta, wato na'urar intanet ta gida, da hannunsa ya san shi: gurbi biyu, suna da kalmar sirri, ka danna ka jira fitila ta zama koriya. Kamfani na sonsa domin ya san kowane mai biya da sunansa.

Sai dai yana da haraji. Yana cin bayit 8 a kowane ƙunshin bayanai, girmansa na bayit 1500 ya koma 1492, kuma daga nan ne wani shafi zai buɗe rabi ya maƙale. Wajen IPv6 ma rabin aiki yake yi: IPV6CP, sashen PPP mai kula da IPv6, na daidaita bit 64 na ƙarshen adireshi kawai, sauran sai an nemo ta wata hanya, kamar DHCPv6, tsarin da ke raba adireshin IPv6 kai tsaye.

IPoE ba ruwansa da kalmar sirri. Ka jona waya, DHCP, tsarin raba adireshi, ya ba ka naka, kamfani ya gane ka ta layin da ka fito.

Ni dai IPoE nake goyon baya, kuma Japan ce hujjata. A layukan NTT, babban kamfanin sadarwa na ƙasar, na'urorin da ke karɓar PPPoE sukan cunkushe da daddare, shi ya sa jama'a da dama suka koma IPoE, ana ɗauko musu IPv4 a cikin IPv6 ta dabarun da ake kira MAP-E ko DS-Lite.