Kati mai siffar allo da albam ɗin zuwa Kano: aikin wata mai yanka takarda a Idi-Araba

Duk mazaunin Legas ya san inda ake buga katin biki, Shomolu. Ka kai musu rubutu, ba a jima ba su miƙo maka ɗaurin kati masu ƙyalli, duk kansu ɗaya. Ban raina aikinsu ba, can muka buga na auren ƙanwata. Amma da walimar saukar 'yata ta matso, sai na ji ina son katin da za a adana, ba wanda za a yi fifita da shi a wajen taro a bar shi ƙarƙashin kujera ba. Wata maƙwabciyata a nan Agege ce ta nuna mini aikin wata yarinya Bahaushiya da ke Idi-Araba, mai haɗa kati da albam da hannu a ɗakinta tana tallarsu a Instagram. Na ba ta aiki iri biyu, kuma ba hukunci ɗaya na yanke musu ba.

Katin walimar ita ta kawo shawarar a yi shi da siffar allo, da mariƙi a sama da ƙafafu biyu a ƙasa, kamar dai allon zayyanar da mai sauka ke riƙewa ya karanta Fatiha da farkon Baƙara. Girmansa kusan A5, wato rabin takardar A4. Kwalin mai gram 300 ne, alhali takardar da muke fotokwafi da ita 70 ko 80 ce, don haka idan ka riƙe shi sai ka ji da abu a hannunka. Launin ruwan ƙasa ne marar sheƙi, daga nesa sai ka rantse itace ne. Ba ta ɓoye mini ba cewa jikin allon injin Cricut ne ke yanka shi, kuma hakan bai dame ni ba, don babu mai yanka allo 40 da almakashi su fito daidai wa daida. Inda hannu ya yi aiki shi ne zayyanar. Ƙananan takardu ne ja da kore da ruwan ɗorawa da baƙi, wasu ba su kai farce ba, ta yanka da reza ta jera su ɗaya kan ɗaya. Idan ka karkata katin wajen taga za ka ga kowace tana da 'yar inuwarta, har da alamar fensir a wasu kusurwoyin da ba ta goge ba. Mariƙin kuma ta naɗe shi da siririyar jar fata.

Na so a rubuta Bismilla da ayoyin farkon Baƙara a tsakiya. Ta ce, "Anti, ki yi haƙuri, ba na sa aya a kati. Ba ki san inda zai ƙare ba, wani kwandon shara, wani mai ƙosai ce za ta naɗe wa yaro da shi." Ban ja da ita ba. Tsakiyar sai ta sa sunan yarinya da ranar da wurin taro kawai, kuma hakan ya ma fi tsabta a ido.

To amma fa ba a rasa abin faɗa ba. Aikin ya faɗo cikin damina, ita kuwa farin gam mai ruwa take amfani da shi wajen manna zayyanar. Gam mai ruwa yana jiƙa kwali, idan bai bushe a ƙarƙashin nauyi ba sai ya lanƙwashe, ga kuma laimar Legas da ko busasshen tufafi ba ta bari ya bushe. Katunan da ta yi a farko suna kwance lafiya lau, na ƙarshen da ta yi cikin gaggawa kuwa sun ɗan ɗaga baki, ba sa shiga ambulan sai an lallaɓa. Na biyu, salon rubutun da ta zaɓa ba shi da ƙ da ɗ, sai kwamfuta ta cike gurbinsu da wasu sirara na daban, suka fito kamar baƙi a cikin layi. A hoton da ta turo ta WhatsApp ba a gani, sai a takarda. Ta sake bugawa ba ta karɓi ko kwabo ba, amma hakan ya ci kwanaki. Duk mai son rubutun Hausa a katinsa ya nemi a kawo masa samfur ɗaya a hannu kafin ya biya kafin alƙalami. Na uku, ɗan aike mai babur ne ya kawo su, ya tura su cikin akwatinsa tare da kayan wasu, mariƙan wasu allunan suka karye ta wuya. Tun daga nan da kaina nake zuwa karɓa. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege da Mushin, daga nan kuma Idi-Araba ba nisa, ka huta da gosulon Oshodi.

Albam ɗin ne ya sa na rubuta wannan. Yarana duk a Legas aka haife su, Yarbancinsu ya kusa fin Hausarsu gudu, kuma hutun da muka kai su Kano shi ne karon farko da suka je da wayonsu. Na dawo da leda cike da tarkace: tikitin jirgi daga filin Murtala Muhammed zuwa na Malam Aminu Kano, rasit ɗin kasuwa, tikitin shiga Gidan Makama, ƙyallen rini da wani dattijo a marinar Ƙofar Mata ya ba ƙaramin, da hotuna a waya ba adadi. Na juye mata duka na ce ta san yadda za ta yi.

Ta yi shi inci 12 tsawo 12 faɗi, bangon ta lulluɓe da ƙyallen rinin nan, wanda har yanzu yana ɗan shafa shuɗi a yatsa. Hotunan ba ta sa musu gam ba, 'yan kusurwoyi ta manna ta soke su a ciki, yadda za ka zare hoto ka mayar ba tare da ya yage ba. Ta ce takardar shafukan marar asid ce, domin mai asid ita ce ke yin ja da tsufa kamar tsohuwar jarida har ta ɓata hoton da ke kanta. Shafin Dutsen Dala na fi so. Ta yanka dutsen hawa-hawa da kwali mai launin jar ƙasa, ta yi matakala, a saman ta sa hoton yaran suna haki. A gefe akwai ɗan aljihu, ciki da takardar da ta sa babbar ta rubuta abin da kakarta ta gaya mata game da Barbushe da Tsumburbura, da rubutun hannunta da kurakuransa, ba a gyara ko ɗaya ba.

Wani abu da ta koya mini: tikitin jirgi da rasit na zamani a takardar zafi ake buga su, babu tawada a jiki. Rubutun yana dusashewa da kansa, idan kuma ka kai a lamineta zafin injin zai mayar da ita baƙi ƙirin. Don haka ta yi fotokwafin kowanne ta manna, na asalin ta zuba a ambulan a bangon baya. Wannan ba kowane mai sana'a ne zai tsaya ya yi ba.

Adon wasu shafukan ya yi mini yawa. Tana son furanni da duwatsu masu ƙyalli, na sa ta cire na shafin marina, don ban ga abin da ya haɗa karofi da fure ruwan hoda ba. Ta ɗan ɓata rai, ta cire.

Maganar kuɗi, katinta ɗaya zai buga maka da yawa a Shomolu, kuma ita kaɗai ce sai ƙanwarta da ke taya ta idan an tashi makaranta. Mai taron mutum 300 kada ya soma. Ni malaman yarinya da dattawan gida da surukai na ba wa nata, sauran jama'a hoton katin na tura musu a waya. A ba ta aiki wata guda kafin ranar, a ƙara mata idan damina ce, kuma a gaya mata tun farko ta sa tef mai manne fuska biyu maimakon farin gam. Ta ce tana da shi, ya fi tsada ne kawai.