Shafin Numbeo a Hannun Matafiyi Mai Son Ciniki na Adalci

Baƙon da ya sauka a ƙasar da bai san darajar kuɗinta ba yakan biya ninkin abin da 'yan gari ke biya, ko kuma tsoron a cuce shi ya sa ya yi tayin da zai ɓata wa mai kaya rai. Shafin intanet na Numbeo, wanda Mladen Adamović ɗan ƙasar Sabiya ya kafa a 2009, yana rage wannan duhun kai, kuma kyauta ake duba shi.

Da zarar mutum ya rubuta sunan birni, sai farashin kayan yau da kullum ya bayyana: kwalbar ruwa, kilon shinkafa, abinci a gidan cin abinci mai araha, da kuɗin da mitar tasi ke farawa da shi, har da abin da ake ƙarawa a kowace kilomita. Abin da ya fi burge ni shi ne, ban da matsakaicin farashi, shafin yana nuna mafi ƙanƙanta da mafi yawan abin da ake biya, kuma tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne ciniki na adalci yake. Wanda ya san su, idan direban da ba ya kunna mita ya faɗi kuɗinsa, zai gane ko ɗan ƙarin da aka saba yi wa baƙo ne, wanda bai kai a yi jayayya a kansa ba, ko kuwa tsawwalawa ce.

Sai dai masu amfani da shafin ne ke shigar da yawancin alƙaluman, saboda haka ingancinsu ya dogara da yawan waɗanda suka bayar da su. Ya kamata a duba adadin masu gudummawa da watan da aka sabunta bayanin, domin ƙaramin gari na iya dogara da mutane ƙalilan. Hauhawar farashi ma tana sa alƙaluman su tsufa da wuri. Lokacin da Masar ta bar kasuwa ta yanke darajar kuɗinta, wato fam, a watan Maris na 2024, farashin da aka shigar kafin nan ya daina zama abin dogaro.

Babban giɓinsa kuwa yana daidai inda ciniki ya fi zafi. Darduma, jakar fata, turare da kayan tsaraba da ake tayawa a babbar kasuwar Istanbul ko Khan el-Khalili ta Alƙahira ba sa cikin jerin, kuma da wuya su shiga, tunda darduma biyu masu kama ɗaya kan bambanta a saƙa da zare. A nan gara matafiyi ya fara leƙa kantin da ke manna farashi a jikin kaya, ya tambayi ma'aikacin masaukinsa abin da shi kansa zai biya, sannan ya zagaya rumfuna uku ko huɗu kafin ya yi tayin farko.