Kafin ka kashe kuɗi kan kayan rage wahalar kemo

Da zarar an ce za a fara yi wa mutum kemo, wato maganin cutar daji (kansa), sai ka ga 'yan uwa sun shiga siye-siye, wannan ya ce a sayo kaza wancan ya ce kaza, ƙarshe a cika ɗaki da kwalabe abin da ake buƙata da gaske kuma babu shi. Toh ni dai abu na farko da zan ce a saya shi ne ma'aunin zafin jiki. Kemo na rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, sun fi yin ƙasa wajen kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin, a wannan tsakanin zazzaɓin da ya kai digiri 38 ba na jiran gari ya waye ba ne, asibiti kawai. Akwai na gilashi, akwai na dijital da ake sawa a baki ko hammata, akwai na goshi mai kama da bindiga. Na gilashin ga fashewa ga wahalar karantawa da daddare, na goshin akwai sauri amma gumi na iya rikita shi. Ɗan ƙaramin na dijital ɗin nan ya ishe ka wallahi. Kuma kar a sha farasitamol kafin a auna, ɓoye zazzaɓin yake.

Maganin tashin zuciya likita ne zai rubuta, amma yana da kyau ka san bambancinsu. Ondansetron ya fi ƙarfi a ranar kemo da washegari, sai dai yana ƙulle ciki ya sa ciwon kai, in an ba ka shi ka tambayi na sassauta bayan gida tun da wuri. Metoclopramide bai kai shi ƙarfi ba, yana sa kasala, wasu ma har wuya ko fuska ta riƙa fizga. In kemon mai zafi ne irin cisplatin akan haɗa da dexamethasone da aprepitant saboda aman da ke biyo baya bayan kwana biyu uku. A sha kan lokaci, in ka jira sai amai ya fara ka makara. Citta tana ɗan taimaka wa wasu amma ba ta tsaya a madadin waɗannan ba.

Gyambon bakin da kemo kan jawo kuwa a nan ake asarar kuɗi. Ruwan kurkure baki mai alkohol ƙara raɗaɗi yake, gishiri kaɗan a ruwan ɗumi sau da yawa a rana da buroshi mai laushi irin na yara sun fi shi.

Gashi yakan fara zuba sati 2 zuwa 3 bayan farawa, ba duk kemo ke zubar da shi ba, ka fara tambaya kafin ka sayi komai. Gashin kanti ga zafi ga ƙaiƙayi, hula ko ɗankwalin auduga ya fi sauƙi a kai, gashin ma yawanci yana dawowa in an gama.

Su kuma ƙwayoyin ƙarin bitamin da haɗe-haɗen ganye da ake cewa suna ƙara garkuwar jiki, wasunsu na canja yadda hanta ke sarrafa kemon, a rage masa ƙarfi ko a ƙara masa dafi. Ko kyauta aka kawo maka, ɗauki kwalbar ka nuna wa likitanka kafin ka buɗe.