Na'urar matse sifirin da na saya, da ɓangaren aikin da na bar wa bakanike

Abin da ke cikin akwatin bai da yawa: sandunan ƙarfe biyu masu haƙora, kowace da ƙugiya a sama da ƙasa, sai 'yan ƙusoshin kulle da ke hana ƙugiyar suɓucewa daga jikin sifirin. Irin na'urar ce da ake sayar wa masu son gyaran mota da kansu, kuma na saye ta ne don in canza sifirin huɗu na ƙaramar motata ba tare da na biya kuɗin hannu ba. Yanzu da aikin ya kammala, ra'ayina shi ne na'urar ba jabu ba ce, ƙarfenta mai kyau ne, amma ba ta kai ga aikin da aka fi sayenta dominsa ba, wato sifirin gaba na motocin zamani.

Motar ta ɗan karkata ne ta hagu, kuma duk sanda na hau tudun rage gudu sai in ji ƙarar ƙarfe daga ƙafar gaba. Na ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, na auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a kowane ɓangare, sai ga hagu ya fi dama ƙasa da wajen santimita 2. Da na cire tayar na haska fitila, zagayen ƙarshe na sifirin ya karye, guntun na zaune a mazauninsa. Can ne sifirin ya fi karyewa, domin nan ruwa da yashi ke taruwa, su cinye fenti, tsatsa ta kama ƙarfen. Bakin karayar kuwa kaifi gare shi, yana iya yanka taya ana cikin tafiya, shi ya sa ban ja lokaci ba. Na sayi sababbi huɗu, domin motar ta daɗe tana ɗaukar kaya kuma na baya ma sun zauna. Ko da ɗaya ne ya karye, biyu ake canzawa, hagu da dama, in ba haka ba sabo zai ɗaga gefensa ya bar tsoho a ƙasa.

Na baya sun zo da sauƙi, har ban buɗe akwatin na'urar ba. A motata sifirin baya yana zaune shi kaɗai, shokazoba na gefe. Na ɗaga motar, na ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe na tokara, na sa jak ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, na kwance notin ƙasa na shokazoba, sannan na riƙa sauke jak a hankali har sifirin ya saki ƙarfinsa ya fito a hannu. Abin lura kawai shi ne kada tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, su miƙe su ɗauki nauyin. Ba kowace mota ke da wannan tsari ba, amma wanda tasa ke da shi, yana da kayan aiki kuma yana da haƙuri, ban ga abin da zai hana shi yi da kansa ba. Sai dai kada ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya.

Gaba ne wurin magana. Yawancin ƙananan motoci a yau suna amfani da tsarin da ke ɗauke da sunan Earle MacPherson, injiniyan Amurka da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1940, wanda motocin Ford Consul da Zephyr da aka fito da su a Ingila a 1950 suka yaɗa. A wannan tsari sifirin yana naɗe ne a jikin shokazoba, an danne shi tsakanin faranti na ƙasa da hula ta sama, kuma noti ɗaya tal ne a kan sandar shokazoba ke riƙe da hular. Ko ka ciro ƙafar, wato shokazoba da sifirin a haɗe, ka ajiye a ƙasa, sifirin yana nan a danne. Wanda ya kwance wannan noti ba tare da ya matse sifirin ba, hular za ta tashi da ƙarfin da zai iya fasa fuska ko karya hannu. Robert Hooke ya bayyana ƙa'idar tun 1678: gwargwadon yadda ka danne sifirin, gwargwadon ƙarfin da yake mayarwa. Ɗauki misalin sifirin da ke buƙatar nauyin kilo 3 kafin ya danna milimita 1. Ka matse shi santimita 10, ƙarfin kilo 300 ke nan yake turawa, kuma duk wannan yana rataye ne a ƙugiyoyi huɗu da ba su fi ɗan yatsa kauri ba, hannunka na kusa da su.

Ciro ƙafar daga mota bai ba ni wahala sosai ba. Notuna biyu manya a ƙasa, ƙaramar sandar da ke haɗa ta da ƙarfen hana tangaɗi, maƙalin tiyon birki, sai notuna uku a ƙarƙashin bonet. Na tallafe wurin da taya ke zama don kada ya faɗo waje ya zaro shaf, sandar da ke juya taya. Daga nan na shafa wa haƙoran sandunan giris, na kafa su daura da juna, na sa ƙusoshin kulle, na fara ɗaurewa da hannu, kaɗan a wannan, kaɗan a waccan. Takardar da ta zo da na'urar ta hana amfani da bindigar iska ta ɗaure noti, kuma gaskiya ta faɗa, domin bugunta yana cinye haƙora kuma yana girgiza ƙugiya daga mazauninta.

Abin da na yaba: kan sandar ya dace da sifana ta yau da kullum, haƙoran suna tafiya sumul, kuma ƙusoshin kulle suna aikinsu. Abin da ban yaba ba ya fi yawa. Sifirin gaba na motata zagaye kaɗan gare shi, masu tazara, kuma farantin ƙasa ya tare wuri, don haka ƙugiyoyin ba su kama fiye da zagaye uku na tsakiya ba. Ka matse ukun nan har su kusa haɗuwa, na sama da na ƙasa suna nan suna tura hula. Ga shi kuma sifirin ba miƙaƙƙe ba ne, an ƙera shi da ɗan lanƙwasa kamar ayaba, da gangan, don ya rage ƙarfin da ke danna sandar shokazoba ta gefe. Wannan lanƙwasa ita ke sa nauyi ya fi yawa a sanda ɗaya. Ina cikin ɗaurewa na ga sandar da ke ɓangaren waje ta fara gantsarewa, ƙugiyoyinta kuma suna ɗan zamewa a kan gangaren zagayen, suna nufar 'yar'uwarta. In sandunan biyu suka taru a gefe ɗaya, sifirin zai gantsare ya kuɓuce. Ban taɓa notin sama ba. Na sassauta su bi da bi kamar yadda na ɗaure, na cire na'urar, sannan na ga inda ƙugiyoyin suka kankare fenti har ƙarfe ya bayyana. A tsohon sifirin ba komai, amma a sabo wannan kankara ita ce ƙofar tsatsar da ta karya na farko.

Sai na ciro ɗaya ƙafar ma, na ɗauki biyun da sababbin sifirin na kai gareji. Bakaniken yana da na'urar matsewa ta tsaye, wadda ake kafe ta a bango: tana riƙe shokazoba daga ƙasa, faffaɗan baki ya kama sifirin ta kowane gefe, ga kariya ta ƙarfe tsakaninsa da mutum. Abin da ya gagari sandunana, a nan cikin 'yan mintuna aka yi shi, sifirin ya sauka a miƙe ba tare da motsi ba. Na tsaya ina kallo, kuma na ji daɗin yadda ya yi aikin. Ya riƙe kan sandar shokazoba da alanki, ɗan ƙarfe mai kusurwa shida da ke shiga ramin kanta, yayin da yake kwance notin, bai damƙe jikinta da filaya ba. Masu gaggawa kan yi haka, su ji wa sandar rauni, raunin ya yanka robar da ke tare mai, bayan ɗan lokaci shokazoba ta fara yoyo. Ya kuma juya sabon sifirin har wutsiyarsa ta zauna daidai a gurbin da aka yi mata a faranti.

Da ya cire hular ya miƙo mini ita. “Maigida, juya wannan ka ji,” in ji shi. Na juya, sai na ji gurnani kamar akwai yashi a ciki. Boris ɗin da ke ba ƙafar damar juyawa tare da sitiyari ne ya gaji, robar da ke tare bugu a ƙarshen sandar ma ta ruɓe. Ni da kaina da ban lura da boris ɗin ba, domin ban san yadda lafiyayye ke ji a hannu ba. Muka canza su a lokacin, tunda komai a buɗe yake. Wannan sanin ma yana cikin abin da mutum ke biya.

Ba komai nasa ne ya gamshe ni ba. Da ya zo ɗaure notin sama, bindigar iska ya ɗauko. Na ce, “Malam, don Allah a yi da sifana mai awo, ga adadin da littafin motar ya ce.” Ya ɗan yi jim, ya ce kullum haka suke yi, amma ya ajiye bindigar ya yi yadda na roƙa. Kuma har na fito bai ce mini komai game da saita ƙafafun mota ba, alhali duk wanda ya kwance notunan ƙasa na wannan ƙafa, ko ya canza tsayin mota, ya taɓa tsayuwar taya. In ba a je an saita a kan na'ura ba, taya za ta ci ta gefe ɗaya, sitiyari ya karkace. Na mayar da ƙafafun da kaina, na ɗaure kowane noti da awonsa, waɗanda ke ratsa bushin roba kuma sai da nauyin mota ya zauna kan tayoyi na ƙarasa ɗaure su, don kada robar ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Daga nan na wuce wurin saiti kai tsaye.

Wanda ke lissafin abin da zai rage ya sa wannan a ciki. Kuɗin saiti yana nan, ko kai ka yi aikin ko bakanike. Sifirin kuɗinsu ɗaya ne. Abin da ake ragewa kuɗin hannu ne kawai, kuma daga cikinsa za a cire na na'urar matsewa, da sifana mai awo, da ƙafafun tokara, in babu su a gida. Ni da nake da sauran kayan tun da, raba aikin ya fi mini: na yi ɓangaren da ke cin lokaci, wato cirewa da mayarwa, na biya ɗan abin da ya dace da mintunan da ke da haɗari. Akwai kuma hanya ta uku. Kamfanoni irin su Monroe da KYB suna sayar da ƙafa haɗaɗɗiya, shokazoba da sifirin da hula duk an ɗaure su tun daga masana'anta, ka cire tsohuwa ka sa sabuwa ba tare da matse komai ba. Ba kowace mota ake yi wa ba, amma in shokazoba ma ta gaji, wannan ya cancanci a tambaya. Mai sayen sifirin shi kaɗai kuma ya je da lambar jikin motarsa, ya duba ɗigon fenti masu launi da ke jikin tsohon, domin mota iri ɗaya tana iya zuwa da sifirin daban-daban bisa girman inji da nauyinta.

Motar ta miƙe yanzu, ƙarar ta tafi, sitiyari ya yi laushi fiye da yadda na saba, abin da nake danganta wa sabon boris. Na'urar tana nan a ajiye, kuma zan iya amfani da ita a miƙaƙƙen sifirin mai zagaye da yawa, inda ƙugiyoyin za su sami wurin kamawa sosai. Ga sifirin gaba mai lanƙwasa irin na motata, ba zan ba kowa shawarar sayenta ba. Wanda kuma ya zaɓi kai wa bakanike, ya nemi ganin abin da za a matse da shi kafin ya bar motar. Na taɓa ganin inda ake danne sifirin da nauyin mota a ɗaure shi da waya, sannan a ciro. In ka ga haka, ko ka ga sanduna masu cinyayyun haƙora, ɗauki motarka ka nemi wani garejin.